Bishiyar Ƙarfe da Bishiyar Dabino

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A lambun Whitworth da ke Manchester, kusa da gidan adana zane-zane, akwai wata bishiya ta ƙarfe mai ƙyalli. Anya Gallaccio ce ta ƙera ta a shekarar 2016, a madadin wata bishiya da ta mutu aka sare. A matsayina na injiniya na yaba da aikin: ƙarfen ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa. Sai dai ba ta toho, ba ta 'ya'ya, kuma siffarta ta bana ita ce siffarta ta baɗi.

Musulmi sun daɗe suna ƙawata gini da siffar bishiya. A Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, wanda Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina, aka kammala wajen shekarar 715, an jera ƙananan gilasai masu launi aka fitar da itatuwa, koguna da gidaje, babu mutum babu dabba. Masana da dama na ganin hoton Aljanna ake nufi. Adon tunatarwa ne ga mai sallah.

Asalin wannan ma'ana na cikin Alƙur'ani. A Suratu Ibrahim, aya ta 24 da ta 25, Allah Ya kwatanta kalmar kirki da bishiya mai kafaffiyar saiwa da dogon reshe, mai ba da amfaninta a kai a kai. A hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari ya ruwaito kuwa, Annabi (SAW) ya kamanta Musulmi da dabino. Lura da jerin: saiwa tukuna, sannan reshe, sannan 'ya'ya. Haka gini yake, harsashin da ba a gani shi ke ɗauke da benen da ake yaba wa.

'Yan'uwa, ga inda darasin ya shafe mu. Yaron da ya tashi a Birmingham ko Manchester na iya sa kaftani ranar Sallah, ya gaida manya da Hausa, alhali bai san ma'anar Fatihar da yake karantawa ba. Wannan siffa ce kawai, irin ta bishiyar ƙarfe. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka a wannan mako, kowannenmu ya zaunar da 'ya'yansa, ya fassara musu ayoyin nan biyu da harshen da suka fi ganewa, ya kuma saurari tambayoyinsu. Saiwa a gida ake ba ta ruwa.

Allah Ya tabbatar da mu da zuri'armu a kan kalmar gaskiya. Amin.