Dokin da Ba Shi da Linzami

Abin karantawa: 2 Sama'ila, sura 14 zuwa 18

Mai karatu, ka taɓa ganin ingarma ya ƙwace wa mahayinsa ran hawa? Ba ya duban yaro, ba ya duban tsohuwa, ƙarshenta kuwa mahayin ne a ƙasa. Haka buri yake cikin zuciyar mutum. Son ci gaba ba laifi ba ne, gama manomin da ba shi da burin cika rumbu, iyalinsa za su kwana da yunwa. Amma sa'ad da mutum ya kai inda ba mai iya ce masa a'a, linzami ya tsinke ke nan. Bari mu dubi mutum biyu, ɗaya a cikin Littafi Mai Tsarki, ɗaya kuma a tarihin Afirka.

Absalom

Absalom ɗan Sarki Dawuda ne, kyakkyawa, mai farin jini. Wata rana ya aika a kira masa Yowab, shugaban yaƙi. Har sau biyu Yowab ya ƙi zuwa. Sai Absalom ya sa barorinsa suka cinna wa gonar sha'ir ta Yowab wuta. Kai manomi, ka san abin da ake nufi da ƙona wa mutum wahalarsa ta shekara guda. Amma ba wanda ya hukunta Absalom. Sai ma ya sami abin da yake so, aka kai shi gaban sarki, sarki ya sumbace shi. Ran nan ya koyi cewa ɓarna tana biyan bukata.

Daga nan ya nemi karusa da dawakai, da mutum 50 masu gudu a gabansa. Kowace safiya yana tsaye a bakin ƙofar birni, yana tare masu kawo ƙara, yana nuna musu cewa da shi ne alƙali da sun sami gaskiya. Da zaƙin baki ya janye zukatan jama'a, har ya tafi Hebron ya naɗa kansa sarki. Ubansa tsoho ya fita Urushalima ba takalmi, yana kuka.

Mutum 20,000 suka mutu a yaƙin da ya biyo baya. Absalom yana gudu bisa alfadari, kansa ya sarƙe a rassan wani babban itace, Yowab ya same shi nan ya kashe shi. Tun yana da rai ya kafa wa kansa ginshiƙi domin a riƙa tunawa da sunansa, amma cikin rami a kurmi aka jefa gawarsa, aka tula duwatsu a bisa.

Bokasa

Kada ka ce wannan labarin dā ne kawai. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wani soja mai suna Bokasa ya ƙwace mulki a farkon 1966. Banza, abokin da ya taimake shi juyin mulkin, an kashe shi da umarninsa a 1969. Bayan wannan, wa zai buɗe baki? A 1972 ya ce shi ne shugaba har mutuwa. Wannan ma bai ishe shi ba. Ran 4 ga Disamba 1977, a birnin Bangi, ya hau gadon sarauta mai siffar gaggafa, ya ɗora wa kansa kambi da hannunsa, yana kwaikwayon Napoliyon na Faransa. Har dawakan bikin daga Faransa aka kawo su, alhali ƙasar tana cikin matalautan ƙasashen duniya.

A 1979 aka tilasta wa ƴan makaranta sayen tufafin makaranta masu tsada, waɗanda iyayensu ba su iya biya. Yaran suka fito kan hanya suka ce a'a, abin da manya suka daɗe da jin tsoron faɗa. Aka kama su da yawa cikin watan Afrilu, wajen 100 suka mutu. A watan Satumba na shekarar sojojin Faransa suka tuɓe shi yana Libiya. Daga baya ya koma gida, aka yi masa shari'a a 1987, ya sha kurkuku, ya mutu a 1996. Sarautar da ya kashe dukiyar talakawa dominta ba ta cika shekara biyu ba bayan bikin.

Abin koyo

Ka lura, su biyun ba rana ɗaya suka lalace ba. Sun fara da abin da aka ƙyale, suka ƙare da jinin ƴaƴan mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dawuda ma ya yi mummunan zunubi a kan Uriya. Amma annabi Natan ya shiga fada ya faɗa masa gaskiya, shi kuwa ya karɓi laifinsa, bai kashe annabin ba. Bambancin ke nan. Shugaba nagari ba wanda ba ya kuskure ba ne, shi ne wanda ya bar ƙofa a buɗe ga mai tsauta masa.

Wannan magana ba ta sarakuna kaɗai ba ce. Ta mai gida ce, da mai gari, da dattijon ikilisiya, da wanda aka damƙa wa kuɗin ƙungiyar manoma. In ka ga kana jin haushin mai tambayarka lissafi, kana jawo masu yabonka kusa, to, duba linzaminka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya kamata a yi wa Absalom ran da ya ƙona gonar Yowab?
2. Don me manyan ƙasar Bokasa suka yi shiru har yara suka yi magana?
3. Mai gida, wa yake iya ce maka ka yi kuskure? Yaushe rabonka da ka saurare shi?
4. Wane ƙaramin hali ne muke ƙyalewa ga ƴaƴanmu yau, wanda zai fi ƙarfinmu gobe?