Tsohon Kulkin Besbol: Ta Yaya Zan San Shekarunsa?

Tambaya: Ina zaune a Amurka. Na tsinci wani tsohon kulkin wasan besbol na katako a kasuwar gwanjo, da sa hannun Babe Ruth a jikinsa. Na yi dace ke nan?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin yanka rago tukuna. Kamfanin da ke yin kulaken Louisville Slugger ya riƙa ƙona sa hannun manyan 'yan wasa a jikin kulaken da ake sayar wa kowa a kanti, tun bayan yarjejeniyarsa da ɗan wasa Honus Wagner a 1905. Sunan Ruth kaɗai ba ya nufin hannunsa ya taɓa kulkin.

Fara duba tambarin nan mai siffar ƙwai da aka ƙona a tsakiya. In ka ga "J.F. Hillerich & Son", an yi shi kafin 1916, shekarar da sunan kamfanin ya koma "Hillerich & Bradsby". Kalmar "Powerized" kuwa sai farkon shekarun 1930 ta fara bayyana. Juya gindin mariƙin: lambar tsawo, kamar 34, galibi alamar na kanti ce.

Na san abin da ke ranka. Kulkin da Ruth ya yi wasa da shi a ranar buɗe filin Yankee a 1923 ya haura dala miliyan 1 a gwanjon 2004, amma shi yana da tarihi tabbatacce.

Don Allah kada ka goge shi da samfefa ko ka shafa masa fenti, darajarsa za ta zube. Ajiye shi kwance inda babu danshi, ka kai wa masu tantancewa su gani.