Yadda Muka Sha Fama da Stellarium

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wahalar da muka sha wajen sa manhajar Stellarium, don kada wani ya faɗa irinta. Ita wannan manhaja tana nuna taurari a fuskar kwamfuta kamar yadda suke a sama. Wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, shi ya fara ta a 2001, kuma kyauta ake samunta.

Malaminmu na kimiyya ya ba ni ita a filashi, ya ce in shirya ta kafin daren Asabar, domin Ƙungiyar Kimiyya za ta nuna wa 'yan aji ɗaya taurari. Ni kuwa na riga na cika baki a ɗakin kwana.

Da na taɓa ta sai ta ƙi shiga sam. Ashe ta mai bit 64 ce, Windows ɗin tsohuwar kwamfutarmu kuwa mai bit 32 ne. Malam ya sauko mana da wadda ta dace, ta shiga. Amma da na buɗe ta sai ta yi baƙi ƙirin ta rufe. Dalili kuwa, da OpenGL take zana sama, direban hoton kwamfutarmu kuma ya tsufa. Sai na buɗe ta ta hanyar MESA, wadda ke ɗora aikin zanen a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tana tafiyar hawainiya, amma dai tana tafiya.

To, ga inda na kusa jin kunya. Daren Alhamis na fita na gwada, sai na ga Tauraron Arewa can ƙasa-ƙasa, bisa itatuwan bayan ɗakin cin abinci, alhali a kwamfuta ya haura rabin hanya zuwa tsakiyar sama. Har na fara cewa manhajar ƙarya take yi. Kai, ashe laifina ne! Idan babu intanet ba ta iya gane inda mutum yake, sai ta ɗauka yana Faris. Shi kuwa tsayin wannan tauraro daidai yake da nisan wuri daga ikwaita: Faris kusan digiri 49, mu a ƙasar Kano kusan 12. Na danna F6 na zaɓi Kano, na kuma gyara agogon kwamfutar, wanda batirinsa ya mutu.

Ran Asabar bayan sallar isha'i, wani ɗan aji ɗaya ne ya riga kowa gano Kaza da 'Ya'yanta, daidai inda kwamfutar ta nuna.