Abin da muke yankewa a bidiyon gyaran mota

Na fi shekara ashirin ina bugun ƙarfen mota. A Kwakwaci na koyi fanal bita tun ina ɗan aike, ana tura ni Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari in sayo fila da samfefa. Amma sai bara na fara taɓa motar da ba ta kwastoma ba: Peugeot 504 ta marigayi kawuna, wadda ta yi shekaru a ƙarƙashin darbejiya har kaji suka mai da ita akurki. Da aka zo rabon gado, magada suka ce a kira 'yan jari-bola su yanka ta a kilo. Raina ya ƙi. Na biya kuɗinta, na ja ta zuwa wani kango da ke jikin gidanmu a Fagge. Ɗan yayata, wanda waya ba ta barin hannunsa, shi ya ce, "Kawu, mu riƙa ɗauka muna sawa mutane su gani." Na ce to.

Ban zaci za a kalla ba, sai ga jama'a kamar ana rabon zakka. Daga baya na gane ba ni suke kallo ba, Fijo suke kallo. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, kuma ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a ƙasar nan har wajen 2006, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar kai amarya, ita ce wagon ɗin da ke ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Kaduna. Kowa yana da tasa. Wannan ya ce irin ta babansa ce, wancan ya ce a irinta aka kai shi makarantar kwana yana kuka.

Dalilin wannan rubutu wani bidiyo ne da wani yaro ya turo mini. Ya samu tsohuwar mota shi ma, ya ce yana bin yadda nake yi. Na buɗe, sai gabana ya faɗi. Yaron yana kwance a ƙarƙashin mota, an cire taya ɗaya, babu abin da ke riƙe da ita sai ƙaramin jak a kan rairayi. Na nemi lambarsa na kira shi. Na ce, "Kai, wa ya koya maka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai?" Ya ce, "Oga, ai a bidiyonka ban ga ka sa komai ba." Na koma na duba. Gaskiyarsa. Ranar da muka yi wancan aikin na fi minti ashirin ina tokare motar da turakun ƙarfe, ina girgiza ta in ga ko za ta motsa. Amma ɗan yayata ya yanke wurin duka, wai mutane ba sa tsayawa kallon abin da babu armashi. Abin da ya rage shi ne ina ɗaga mota, sai ga ni a ƙarƙashinta da sifana.

Ban ga laifin mai yankan ba, ni ne babba, ni ya kamata in duba kafin a saka. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Ku kalli bidiyoyin gyaran mota da ake yi, namu na gida da na Turawa da 'yan Pakistan da suka cika Facebook da TikTok. Aikin wata shida ne ake matsewa a minti uku. Abin da ake fara zubarwa shi ne abin da ke tsare ran mai aikin, domin shi ne marar daɗin kallo. Mai sana'a ya san akwai shi ko bai gani ba. Yaron da bai taɓa zama a gareji ba, abin da idonsa ya gani shi ne karatunsa.

Bari in mayar da abin da muka yanke. Motar nan ta haura tan ɗaya, wajen kilo 1,200. Jak na mai kuwa, abin da ke riƙe da nauyin nan 'yar roba ce a cikinsa wadda ba ta kai zoben hannu kauri ba. Ranar da ta gaji ba ta sallama. Aikin jak ɗagawa ne, ba riƙewa ba. In an ɗaga, a sa turken ƙarfe ko gungumen katako mai ƙwari, a sauke nauyin a kansa. Bulon siminti mai rami ba abin yarda ba ne. Yana tsaye lafiya lau, sai ya rugurguje lokaci ɗaya kamar biskit. Ƙasar lungunanmu ta Fagge kuma mai laushi ce, musamman da damina, don haka a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak da turke. A sa giya, a ja birkin hannu, a tare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya, tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin motar. Akwai kuma abin da ya keɓanta da tsohuwar mota: wurin da kamfani ya tanada don sa jak ɗin ma mai yiwuwa tsatsa ta cinye shi. A tawa, da na danna sukudireba sai ta shige kamar cikin tuwo. Wanda mota ta danne, in ya yi sa'a Asibitin Ƙashi na Dala ake kai shi. In ƙirji ta samu kuma babu kowa kusa, ko ihu ba ya iyawa. Shi ya sa ba na shiga ƙarƙashin mota ni kaɗai a gida.

Sai tankin mai. Motar da ta daɗe a ajiye, da wuya tankinta bai huje ba, kuma abin da ke zuwa ran mutum shi ne a ɗan ɗiga masa walda. Mutane suna ganin tunda babu mai a ciki an huta. Tankin da babu komai ya fi cikakke haɗari, domin ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne da ya gauraya da iska, kuma tururin nan yana maƙale a lungunan tanki ko an ɗauraye shi da ruwa. Na san masu waldar da suka ƙware a kansa, suna da hanyoyinsu, amma ba zan koyar da su a waya ba, kuma ba zan yi a gida ba. Nawa na cire na je Ƙofar Ruwa na nemo wani. Tukunyar kabaid ma ban yarda ta kwana a kangon ba. In aikin wuta ya taso, a gareji nake yinsa. Gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya ce tsakanina da ɗakin tsohuwar maƙwabcina. Duk ɗan Kano ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, ya kuma san yadda wuta ke gudu inda gini ya cunkushe, motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga.

Bidiyon da ya fi kowanne samun masu kallo shi ne ranar da inji ya fara tashi. Kowa shi yake jira. A nan ne kuma ake yin ganganci biyu. Na farko, a tsiyaya fetur daga gora kai tsaye cikin kafireta, wani yana murza makulli. In injin ya yi tari ya mayar da wuta ta sama, gorar da ke hannunka ita ce ta farko, fuskarka ta biyu. Ɗan kaɗan ake zubawa, a rufe gorar a kai ta nesa, kowa ya ja baya, sannan a tayar. A ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Na biyu, a rufe ƙofar gareji don kada hayaniyar A Daidaita Sahu ta ɓata sautin injin a bidiyo. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar nan mai guba da ke kashe iyali guda in sun kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Tsohon inji mai kafireta ya fi na zamani fitar da ita nesa ba kusa ba. Ciwon kai da jiri su ne sallamarta, kuma sau da yawa kafin mutum ya gane, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. A bar ƙarar titi ta shiga bidiyon, ba ta kashe kowa.

Fenti kuwa, a nan ne na fi jin kunyar abokan sana'ata. Fentin zamani da ake haɗawa da hadina yana da wani sinadari da ke haddasa asma, kuma in ƙirji ya riga ya kamu, ko ɗan warinsa ya isa ya tayar da ita. Hankici ba ya tare shi. Takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ma ba ya tarewa. Sai kuma tsohuwar al'adarmu ta shan madarar gwangwani bayan feshi, wai tana wanke ƙirji. Ni ma na sha ta shekaru. Madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu ya shiga, ko hanya ba su haɗa ba. Wanda zai yi feshi ya nemi takunkumin da aka yi don wannan aikin, mafi inganci ma wanda ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. Ni dai da lokacin fenti ya yi, ɗakin fenti na kai motar na biya. Ko da na tsare nawa huhun, iskar da ta ɗebi feshin tsakar gidan maƙwabta za ta kai shi, inda ake shanya da girki, yara suna wasa.

Ƙurar da ke cikin gangar birkin baya ma kada a hure ta da baki ko da iskar kwamfuresa. Tsofaffin takalman birki da faifan kuloci da yawa an yi su da asbestos, wanda ke jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa. A jiƙa da ruwa a goge da tsumma. Haka tsohon fenti, a goge shi da jiƙaƙƙen samfefa. Baƙin mai kuma a tara a jarka, akwai masu saye. Wanda ya juye shi a kwata a Fagge ya sani ruwan nan Jakara yake tafiya, kuma da ruwan Jakara ake ban ruwan lambunan da ke wajen Kwakwaci. Latas ɗin zai dawo mana a faranti.

Akwai mutum ɗaya da kowa ke mantawa, shi ne mai riƙe da wayar. Ni ina da tabarau, ina da safar hannu. Shi kuwa yana matsowa don ya kamo tartsatsin giranda da kyau, idonsa a buɗe. Ranar da muka yi waldar lantarki a gareji, ɗan yayata ya kwana yana hawaye, ya ce kamar an zuba masa yashi a ido. Uwarsa ba ta yi mini da sauƙi ba, kuma da gaskiyarta. Tun ranar muka sayi sandar ɗora waya mai ƙafa uku. A kafa ta, kowa ya matsa. Wanda kuma yake aiki da hannu ɗaya yana ɗaukar kansa da ɗayan, ya zaɓi ɗaya.

Abin da ya kamata a ɓoye kuma shi muke nunawa. Lambar mota, lambar shasi, takardu, ƙofar gida, matan gida suna wucewa a baya. Wani ya taɓa kwashe bidiyoyina ya buɗe shafi yana tallar motar, yana karɓar kafin alƙalami a hannun mutane. Sai da wani bawan Allah ya gane lungunmu ya zo har ƙofar gida yana neman motarsa na san abin da ake ciki. Yanzu lambar a rufe take da tsumma. Kuma duk abin da na saya, inji ne ko giyabos ko ƙofa, sai na karɓi rasit mai sunan shago, domin kayan gwanjo ba a rubuta tarihinsu a jiki ba. Wanda ya canza inji ko launin mota ya je a gyara masa takardu kafin ya hau titi.

Na san abin da ke sa a yanke. Kowa yana son mabiya. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara, ga kuɗin data, ga kayan gyara da kullum suke tashi. To amma mu da muka san aikin, mun san yaran da ke kallonmu ba su da ogan da zai daka musu tsawa. A gareji, yaro ya shiga ƙarƙashin mota babu turke, kafin ya kwanta an ja ƙafarsa. A waya babu mai ja.

Na sauke wancan bidiyon nawa na ɗaga mota na sake saka shi da wurin tokarewar a ciki, ina bayani da bakina. Masu kallonsa ba su kai na farko ba, na kuma bar shi a haka. Yaron nan ya sake turo mini hoto, motarsa a kan turaku huɗu da wani mai walda ya haɗa masa.

'Yan'uwana makanikai da fanal bita da masu fenti da ke sa aikinsu a waya, don Allah ku duba bidiyonku kafin yaranku su saka. In lokaci ya yi kaɗan, a yanke kiɗan da gaisuwar, a bar turken. Ku kuma masu kallo, in kun ga na yi wani abu a daƙiƙa goma, ku tambaye ni abin da na yi kafinsa, zan amsa.