Matakan Lallaɓa Ciwon Baya Ta Hanyar Ayurbeda

Ciwon bayan da ya haura wata uku lallaɓa shi ake yi, ba ya fita rana ɗaya. Masu Ayurbeda, tsohon ilimin maganin Indiya, suna ɗora laifinsa a kan vata, wato iska da sanyi da bushewar jiki, shi ya sa maganinsu ɗumi ne da mai da motsi. A ganina abin da ake shafawa ya fi abin da ake haɗiya aminci, don haka shi na sa a gaba.

Na farko, ka je asibiti a duba ka. In ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓuce maka, ko akwai zazzaɓi da rama, ajiye maganar mai tukuna. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, tausa kuwa ba ta kai can.

Na biyu, tausa, wadda suke kira abhyanga. Man riɗi ne ginshiƙinta, irin namu na kasuwa. A ɗumama shi, a murza ƙugu a hankali kamar minti goma, a bar man ya ratsa, sannan a yi wanka da ruwan ɗumi.

Na uku shi ne kati basti, wanda asibitocin jihar Kerala ta Indiya ke yawan yi. Ka kwanta rub da ciki. A kwaɓa garin baƙin waken Indiya da tauri, in babu, fulawa ma ta yi, a naɗa shi kamar gammo a kan inda ke ciwo, a liƙe gefensa da fata kada ya yi yoyo. Sai a zuba mai ɗumi a tsakiya ya kwanta. Da ya fara hucewa a tsame shi da auduga a sake zuba wani, har kusan rabin awa, galibi kwana bakwai a jere. Mai zubawa ya fara gwada zafin a hannunsa. Ina jaddada wannan saboda masu ciwon suga, waɗanda fatarsu kan ƙone ba su ji ba.

Na huɗu, kada ka lizimci shimfiɗa. Tafiya kullum da miƙar yoga mai sauƙi, kamar bhujangasana, inda kake ɗaga ƙirji kana kwance, suna sassauta baya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan wannan ciwo sun ambaci motsa jiki da tausa.

Na biyar, maganin sha, nan ne nake jin tsoro. Ana ba da shallaki, ƙaron wata bishiya 'yar'uwar ararraɓi, da guggulu da ashwagandha. Amma binciken da mujallar JAMA ta buga a 2008 ya sami dalma ko zaiba ko gubar asenik a kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurbeda da aka saya ta intanet. Nemi likita mai digirin BAMS, wato na likitancin Ayurbeda, ka karanta abin da ke jikin kwalba, ka kuma gaya wa likitan asibiti duk abin da kake sha. Mai juna biyu ta nisanci ashwagandha. In mako shida ya wuce babu sauƙi, koma a sake duba bayan.