Girgizar Ƙwaƙwalwa da Illarta ga 'Yan Ƙwallon Sana'a

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba wata illa da ke samun waɗanda suka ɗauki wasan ƙwallo sana'a, watau lalacewar ƙwaƙwalwa wadda ba ta bayyana sai mutum ya daɗe da barin fili. Za a fi mai da hankali ga ƙwallon Amurka, inda aka fi tona al'amarin. Ya kamata mai karatu ya lura cewa wannan wasa ba irin namu ba ne: da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga, ƙarti kuma su yi ta karo da juna kamar raguna, kowa sanye da hular kwano.

Yadda Illar Ke Aukuwa

Ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take a cikin ƙoƙon kai ba, wani ruwa ne ya kewaye ta. Idan kai yana tafe da gudu ya tsaya farat ɗaya, sai ita ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi, siraran jijiyoyinta su miƙe, su murɗe. Wannan ita ce girgizar ƙwaƙwalwa. Hular kwano tana kare ƙashi daga fashewa, amma ba ta hana abin da ke ciki motsi, domin kome kaurin ƙwarya, in aka jijjiga ta sai nonon ciki ya kaɗu.

Idan bugun ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, wani sinadari mai suna tau yakan dunƙule ya taru a gefen ƙananan hanyoyin jini, ya riƙa kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Likitoci suna taƙaita sunan cutar da haruffan CTE. Daga cikin alamominta akwai mantuwa, da saurin fushi, da baƙin ciki mai tsanani, daga bisani kuma ruɗewar hankali. Tun a 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana irin wannan hali a jikin 'yan damben Turawa (mu da muka san dambe ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani), amma sai aka ɗauka matsalar ta 'yan dambe ce kaɗai.

Misalin Mike Webster

Webster ya yi wa ƙungiyar Pittsburgh Steelers wasa daga 1974 zuwa 1988, ya kuma ci kofin ƙasa sau 4 tare da ita. Bayan ya bar wasa sai al'amuransa suka dagule, har ta kai yana kwana a cikin motarsa. Ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da ya binciki gawarsa, Bennet Omalu, ɗan Nijeriya ne. Da ya dubi ƙwaƙwalwar da ido bai ga wani aibi ba, sai da ya sa ta a ƙarƙashin madubin likita sannan ya tarar da tarin tau. Ya buga sakamakon a 2005, likitocin hukumar wasan ta NFL kuwa suka nemi a janye maƙalar. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a bainar jama'a cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

Wani abin tausayi shi ne, har yanzu ba a iya tabbatar da cutar sai bayan mutuwa. Dave Duerson, wanda ya kashe kansa a 2011, ya bar wasiyya a binciki ƙwaƙwalwarsa, aka bincika, aka kuwa sami cutar.

A 2017 masana na Jami'ar Boston, a ƙarƙashin Ann McKee, suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111, suka sami cutar a 110. Sai dai a yi hattara da wannan adadi, domin galibi iyalan da suka ga canji a halin mamacinsu su ne suka ba da ƙwaƙwalen. A ganina abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda bincike ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa da yawan shekarun wasa. Ke nan ba bugun da ya sumar da mutum ne kaɗai abin tsoro ba, har da dubban ƙananan da ba wanda ya ƙirga.

Ƙwallon Ƙafa

Wannan batu na ƙananan bugu shi ya kawo mu ga ƙwallon da muka sani. Jeff Astle na West Bromwich Albion a Ingila, gwanin sa wa ƙwallo kai, ya rasu a 2002 yana da shekara 59, mai binciken musabbabin mutuwa kuma ya yanke cewa sana'arsa ce ta jawo masa ciwon. A 2019 binciken Jami'ar Glasgow a kan tsofaffin 'yan wasan Sikotilan 7,676 ya nuna cewa mutuwarsu ta dalilin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran jama'a kimanin sau uku da rabi. Tun a 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai.