Amsoshin Tambayoyinku: Allurar Asma Ta Yi Aiki, Amma Adadin Gwajin Jini Ya Hau

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Kazaure. Ƙanena yana fama da asma tun yana yaro, musamman lokacin hunturu. Likitan ƙirji a Kano ya ɗora shi a kan wata allura mai suna Xolair, kuma Alhamdulillahi numfashinsa ya daidaita. To amma da aka sake gwajin jini, sai adadin abin da suke kira IgE ya ninka fiye da sau uku. Mahaifiyarmu ta ce a daina allurar. Shin cutar ce take ƙaruwa a ɓoye?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya. Ki kwantar wa Mama da hankali, domin hauhawar nan abu ne da likitoci suka san yana faruwa ga masu wannan allura, kuma ba alamar cutar ta tsananta ba ce.

IgE wani sinadari ne na garkuwar jiki da ke yawo a cikin jini. An gano shi tsakanin 1966 da 1967, a hannun wasu masana 'yan Japan, mata da miji, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Amurka, da kuma Johansson da Bennich a ƙasar Suwidin. Asalin aikinsa taimaka wa jiki wajen yaƙi da tsutsotsi. Amma a jikin mai asma ko borin jini, sai ya riƙa ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba: ƙurar ɗaki, ƙaiƙayin gero a masussuka, kyankyaso, ko gyaɗa. Yana manne wa wasu ƙwayoyin halitta a hanci da huhu da fata. Da ƙurar ta taɓa shi, sai ƙwayoyin su zubo sinadarin histamin da 'yan uwansa, hanyar iska ta kumbura ta matse, ƙirji ya fara fito cikin dare.

Piriton da ake saya a kemis yana tare histamin ne bayan ya riga ya fito. Ita kuwa allurar ƙanenki, wadda ainihin sunanta omalizumab, tun daga tushe take tarar matsalar. Tana kama IgE ɗin yana cikin jini ta riƙe shi, ta hana shi manne wa ƙwayoyin. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita don asma a 2003, don borin jini mai naci a 2014, sannan don masu rashin jituwa da wasu abinci a 2024. Ana yin ta a ƙarƙashin fata duk mako biyu ko huɗu.

To me ya sa adadin ya hau? Ki ɗauki misalin awaki da damina. Akuyar da aka ɗaure a turke ba ta shiga gonar kowa, amma idan aka zo ƙidaya, da ita za a ƙirga. Gwajin da aka saba yi a ɗakunan gwaji yana ƙirga IgE gaba ɗaya ne, da ɗaurarre da sakakke, ba ya bambance su. Sannan sakakken IgE ba ya daɗewa a jini, cikin kamar kwana biyu rabinsa ya tafi. Wanda allurar ta riƙe kuwa yakan daɗe kafin jiki ya kawar da shi, sai ya yi ta taruwa, kamar yadda ruwan dam ɗin Kazaure ya taru saboda an tare masa hanya. A gwaje-gwajen da aka yi wa maganin, jimillar ta kai ninki biyar, alhali sakakken, wanda shi ne mai ɓarnar, ya ragu da fiye da kashi 96 cikin 100. Ko an daina allurar, adadin yana iya zama a sama har kusan shekara guda.

Saboda haka likita yake auna IgE da nauyin mai asma kafin allurar farko, da su yake yanke yawan maganin, kuma ba ya sake lissafi da sakamakon da ya fito daga baya. Ku adana takardar gwajin farko da kyau. Duk asibitin da ya je, ko a Roni ko a Babura, ya faɗa musu yana kan wannan allura tun kafin a ɗebi jininsa.

Akwai abu ɗaya da ya shafi yankinmu. Tsutsar ciki da tsargiya, wato fitsarin jini da yara ke ɗauka wajen wanka a dam da kududdufi, su ma suna ɗaga IgE sosai. Idan ƙanenki yana shiga ruwa ko noman rani, ku roƙi likita ya duba fitsarinsa da bayan gidansa.

Kada ya yi allurar a gida ko a kemis ba da izinin likitansa ba, domin a wasu 'yan tsirarun mutane takan jawo kumburin maƙogwaro da sarƙewar numfashi. Kada kuma ya ajiye abin shaƙarsa. Ma'aunin da za ku riƙa dubawa shi ne rayuwarsa: sau nawa tari ya tashe shi cikin dare a wannan watan, sau nawa ya nemi abin shaƙa, ya kai masallaci da asuba cikin hazo bai tsaya hutawa ba? Ku rubuta waɗannan, ku tafi da su tare da Mama ranar ganin likita, ta ji bayanin da kunnenta.